Murhun Godabai a Gindin Tsamiya

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina zaune gida ɗaya da yayar mijina, Godabai, kuma ban tuna ranar da rana ta faɗi ba ta yi wa wani faɗa ba. In ba ni ba ce, to ƙanenta Dagadu ne, mijina. In mu biyun mun tsira, sai ta koma kan san noma, ko mai kawo madara, ko hankakan da ke sauka a kan katanga. Kowa a garinmu Karanjwadi Akka yake ce mata, wato babbar yaya, har tsofaffin da suka girme ta. Mijinta ya mutu tana da shekara ashirin da takwas, ba ɗa ba jika, ta ƙulle kayanta a zane ɗaya ta dawo gidan ubanta. Da aka kawo ni amarya, a nan na tarar da ita.

Garinmu yana kan hanyar Pandharpur, tafiyar kwana uku a ƙasa. Kowace damina, in watan ziyara ya kama, masu zuwa can gaida Wittal, abin bautarmu, sukan biyo ta nan ayari-ayari har kwana shida, maza da fararen huluna da tutoci ruwan goro, mata ɗauke da tukwanen tulsi, shuka mai tsarki, a ka, ana tafe ana waƙa. Abincin rana a kanmu yake, haka muka gada. Kowane gida yakan niƙa dawa ko wake ya kai rumbun haikali, kuma shekara goma sha tara Akka ce ke riƙe da madafar. Mata arba'in take juyawa kamar waina a tanda. Gurasar dawa ce da miyar garin wake, da nono in ya samu. Ba a taɓa cewa wani ya wuce Karanjwadi da yunwa ba. Ba a kuma taɓa cewa wata mace ta fito daga madafar nan ba ta sha zagi ba.

Asalin rigimar ƙarami ne. Wata shekara Sampatrao, shugaban kwamitin haikali, ya zo da baƙi huɗu daga birni, ya ce a shimfiɗa musu a ciki a fara zuba musu. Akka tana gaban tukunya, ko juyowa ba ta yi ba.

"Su a mota suka zo," in ji ta. "Waɗancan kwana goma sha biyar suna taka ƙasa. Su bi layi."

Ya matso ya yi ƙasa da murya, ita kuwa ta ɗaga tata, ta nuna masa ƙarshen layin da ludayi, miya na ɗiga a kan farar rigarsa. Baƙin suka bi layi. Sampatrao ya haɗiye abin, amma bai narke masa ba.

Kafin damina ta gaba, wani mai wa'azi, Keshaw Buwa, ya sauka a garinmu ya yi kwana bakwai yana karatu a farfajiyar haikali. Tsoho ne siriri, mai son raha. A rana ta huɗu ya yi magana a kan guna, halayen nan uku da kowa yake ji tun yana goye. Ya ce duk abin da ke duniya, daga dutse har zuciyar mutum, tufkar zare uku ne. Akwai sattwa, natsuwa da haske. Akwai rajas, zafi da motsi da rashin zama. Akwai tamas, nauyi da duhu da kasala. Ya ce abinci ma haka yake, kuma ba kayan da aka zuba kaɗai ba, har halin hannun da ya dafa yana shiga tukunya. Wanda ya dafa da fushi, fushi ya ciyar.

Na ga Sampatrao ya gyara zama. Ban kawo komai a raina ba.

Buwa ya tafi da kwana biyu aka kira taro da hantsi, maza a gefe, mata a gefe. Sampatrao ya miƙe ya haɗa hannuwa.

"Akka, ba wanda bai san wahalarki ba a garin nan. Amma kin ji abin da Buwa ya faɗa. Mutanen nan wajen Wittal za su, sun wanke zuciyarsu a hanya, mu kuma muna ɗura musu rajas a ciki."

"Shekara goma sha tara ina ɗura musu," in ji Akka. "Wa ya dawo ya ce maka ya isa Pandharpur ya kama mutane da dambe?"

Aka yi dariya a ɓangaren mata. Ta nuna ƙofar ɗakin bauta da haɓa.

"Ka leƙa ciki ka dubi Wittal ɗin kansa. Tun kakannin kakanninmu yake tsaye riƙe da ƙugu. Wa ya taɓa ce masa ya cika neman faɗa?"

Wannan karon har maza suka yi dariya, wasu suna rufe baki da rawani. Sampatrao bai yi ba. Ya bari aka lafa, sannan ya juyo kaina.

"Shewanta, ke ce ke kwana da ita ki tashi da ita. Ga Wittal yana jin ki. Akwai ranar da matar nan ba ta yin fushi?"

Da na so, da na sunkuyar da kai na yi shiru, ba wanda zai tilasta wa matar gida ta yi magana a kan yayar mijinta. Amma da safiyar ranar nan ta ce min hannuna kamar na matacce yake wajen murza gari, kuma abin yana ci na. Na ce, "Babu."

Kalma ɗaya ce, kuma gaskiya ce. Akka ta dube ni, ta daɗe tana duba na. Sai ta kwance makullan rumbu daga bakin zanenta. Sampatrao ya miƙo hannu, ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba, ta je wajen saniyar haikali da ke kwance tana tuƙa, ta rataya mata su a ƙaho.

"Ga mai sattwa nan. Ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Ta dafa muku."

Aka ba wani mutum madafar, Digambar. Matarsa ta rasu da daɗewa, ya taɓa zama a gidan masu zuhudu yana dafa musu, kuma tun da ya dawo ba wanda ya taɓa jin muryarsa daga nesa da taku uku. Kowa yana son sa. Ni ma ina son sa.

Kwana uku Akka ba ta ce min ko uffan ba. Ashe shirunta ya fi zaginta ciwo. Gidan ya yi tsit, har san noma ya riƙa waige-waige. A rana ta huɗu da sassafe ta shure ƙafar gadona.

"Tashi. Kin faɗi gaskiya a gaban mutane, an gode. Yanzu zo ki ɗauki laka."

Dagadu yana da ɗan fegi da ya jingina da katangar haikali ta bakin hanya, da tsohuwar tsamiya a tsakiyarsa. A nan ta zana da ƙafa inda murahu za su zauna, guda biyar. Dagadu ya biyo mu yana sosa ƙeya.

"Akka, mutane za su ce muna ja da haikali."

"Su ce. Kai dai koma ka kwanta, tamas ya gama da kai tun kana shan nono."

Sai ya tuɓe rigarsa ya shiga kwaɓa laka. Haka yake da ita tun suna yara.

Sati uku muka yi muna shiri. Abin da ta fi damuwa da shi makamashi ne. Ta sa mu tara karan dawa da busasshen kashin shanu, muka jera a kan duwatsu, muka rufe da tsohon kwanon rufi, ta riƙa zuwa tana cusa hannu ƙasa ta ji ko damshi ya shiga. Cikin matan nan arba'in, tara suka zo mana, wasu ma a ɓoye da mazansu, kowace da mudu biyu ko uku na gari a ƙarƙashin mayafi. Anusaya, matar maginin tukwane, ta ara mana manyan tukwane uku, ta ce, "Na yi kewar zaginki ne, Akka, jikina duk ya mutu." Akka ta ce tukwanen ma karkatattu ne kamar mai su.

Ranar farko ta ziyara haikali ya ciyar lafiya, don ayarin kaɗan ne. Mu kuwa mutum tamanin muka samu, mafi yawansu waɗanda suka san Akka tun da. Da yamma Sampatrao ya biyo ta bakin hanya da lemarsa, ya tsaya.

"Akka, ya kasuwa?"

Ta ci gaba da juya gurasarta. Rana ta biyu ma haka muka yi, har gurasa ta yi saura muka ba shanu. Ranar nan na ce a raina mun yi wauta.

Rana ta uku ita ce ta babban ayari, kuma tun asuba sama ta ɓalle. Ba irin ruwan da ke zuwa ya wuce ba, irin mai zama. Mutane suka fara isowa da hantsi, dubbai, zannuwa sun manne a jiki, laka har gwiwa, amma bakinsu bai daina waƙa ba. Suka cika farfajiya, suka cika zaurukan gari. Rana ta yi tsaka, ba abin da ke fitowa daga madafar haikali sai farin hayaƙi. An bar itacen a fili tun jiya. Kowa ya gan shi a waje, kowa ya ɗauka wani zai shigar da shi.

Sai suka fara zagayowa wajenmu, da ɗai-ɗai, sannan da yawa. Masu ziyara kowa Mauli suke ce wa juna, wato uwa, namiji ko mace, yaro ko babba. "Mauli, akwai ɗan abin taɓawa?" Wata tsohuwa ta zauna a tushen tsamiya tana karkarwa har tukunyar tulsinta na neman faɗuwa. Akka ta fizge mayafinta ta lulluɓa mata, tana yi mata faɗa a kan me ya fito da ita a wannan shekaru, tana tura mata gurasa mai zafi a hannu.

Mu goma sha ɗaya muna murzawa muna gasawa, hannuwa har sun daina jin zafi. Kafin ƙarfe biyu gari ya ƙare. Na kakkaɓe buhun ƙarshe na nuna mata. Layin kuwa ya miƙe har ya sha kwana, ba a ganin ƙarshensa.

Akka ta ɗaure bakin zanenta a ƙugu, ta ɗauki taɓaryar da muke daka barkono.

"Ku biyo ni."

Muka bi ta cikin ruwa, ta ƙofar haikali, mutane suna darewa. Sampatrao yana tsaye a bakin rumbu, makullai a hannunsa, yana ta aika mutane su nemo kananzir.

"Buɗe," in ji ta.

"Akka, an yanke magana. Ba ki da hurumi a nan."

"Garin dawar nan da ke ciki na wa ne?"

"Na haikali ne."

"Buhu biyu a ciki daga gonar ƙanena suka fito, ni na sheƙe dawar da hannuna. Na Anusaya yana ciki. Na uwarka ma yana ciki. Don cikin mutane muka kawo, ba don ɓeraye ba. Za ka buɗe ko in buɗe?"

"Ki taɓa ƙofar nan, a gaban Wittal, kin ɗauki zunubi."

"Na ɗauka. Matsa kada in haɗa da ƙafarka."

Bugu uku ta yi wa kwaɗon ya faɗi. Ba wanda ya riƙe ta. Maza suna tsaye sun fi hamsin, kowa yana duban wani wuri daban. Muka shiga muka fara ɗora wa juna buhuna.

Da za mu fita ta leƙa madafar. Matan da ke ciki suna zaune jigum, hayaƙi ya sa su hawaye. Digambar yana gaban murhu ya tanƙwashe ƙafa, ido a rufe, leɓe na motsi. Ya buɗe ido ya gan ta, ya yi mata murmushi.

"Akka, abin da Wittal ya so, shi ke faruwa."

"Wittal ne ya ce ka bar itace a ruwa? Tsofaffi suna mutuwa da sanyi a waje kai kana nan kana kyau! Wannan ba sattwa ba ne, Digambar, tamas ne ya ɗaura farin zane. Tashi ka ɗauki buhu!"

Ya tashi kuwa. Murmushin ya ɓace, fuskarsa ta yi kamar ta wanda aka tasa daga barci. Ya saɓi buhu mafi girma. A hanya, ruwa na dukanmu, ya ce da ni a hankali, "Na gaya musu mutum goma na saba dafa wa. Suka ce ba komai, halina ake so." Matan madafar ma duk suka biyo mu da faranta da kasake. Akka ta tarbe su da zagi ɗaya bayan ɗaya, kowace da sunanta, ta nuna wa kowace wurin zamanta.

Can wajen ƙarfe huɗu, ina zuba miya, na ɗaga kai na ga wanda ya miƙo farantin ganye. Keshaw Buwa ne, a jiƙe sharkaf, ya biyo ayarin a ƙasa kamar kowa. Labari ya riga ya kai kunnensa. Akka ta karɓe ludayin daga hannuna.

"Sannu da zuwa, Buwa. Ka tabbata za ka ci? Mai fushi ce ta dafa."

"Mauli, ni ban ce a kori kowa ba."

"Ba ka ce ba. Ka wasa wuƙa ka ajiye ka yi tafiyarka."

"Na faɗa musu ukun nan suna cikin kowa, ba mai ɗaya tak. In babu rajas ko ƙafa ba ta ɗaguwa zuwa Pandharpur. Rabin maganar suka ɗauka."

"To ka koma ka kai musu ɗaya rabin, suna can bakin rumbu."

Ta zuba masa. Ya tsuguna a gefe ya gutsuri gurasa ya dangwala, ya tauna a hankali. Ta tsaya a kansa.

"Ya? Ka ji fushin?"

"Na ji barkono dai." Ya goge ido. Sannan ya dubi matan da ke durƙushe a gaban murahu, ya ce, "Amma Mauli, wutar da ta dafa wannan ita ce ke ƙona hannun da ya matso. Waɗannan da kike zagi su ma suna da zuciya. Da za ki rage ko kaɗan ne..."

Na ajiye abin da nake yi. Shekara da shekaru nake jiran wani ya faɗa mata wannan. Ta dube shi, ta dube mu, na ɗauka ko za ta ce wani abu mai taushi.

"Ci ka tashi," in ji ta. "Akwai na bayanka."

Buwa ya yi dariya har ya ƙware. Ya cinye, ya naɗe ganyensa, ya sunkuya zai taɓa ƙafarta kamar yadda masu ziyara ke yi wa juna. Ta ja da baya ta ce kada ya shafa mata laka.

Ba mu sauke tukunyar ƙarshe ba sai da rana ta yi ja. Sauran kwana ukun ma a gindin tsamiya aka ci, ba wanda ya sake maganar madafar haikali.

Bayan ziyara da sati ɗaya, 'yan kwamiti huɗu suka zo gidanmu da safe. Sampatrao bai zo ba, ya aiko kawunsa, wani tsoho mai lallashi. Na shimfiɗa musu tabarma na kawo shayi. Tsohon ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce kwamiti ya yarda Akka ta koma madafarta, da sharaɗi biyu. Ta tsaya gaban Wittal ta nemi gafarar fasa kwaɗo, kuma ta ɗauki alkawarin yin shiru muddin tana gaban tukunya, don abincin ya tsarkaka.

Akka tana tsince wake a faifai, ba ta daina ba.

"Kawu, maganar kwaɗo tsakanina da Wittal ce, mun riga mun gama, bai ce a kira ku ba. Maganar shiru kuwa, bakina da hannuna uwa ɗaya ta haife su. Ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya a gida. In hannu kawai kuke so, ku je kasuwa ku sayi ludayi."

"Akka, ki yi tunani. Ana ba ki girma ne."

"Ku sha shayinku, yana hucewa. Shewanta ce ta dafa, ba ruwansa da fushi, ba ruwansa da ɗanɗano."

Na ce, "In bai yi miki ba ki tashi ki dafa naki." Ban san lokacin da maganar ta fito ba, kuma a gaban baƙi. Dagadu ya zaro ido. Akka ta ɗago ta dube ni, ta ce, "A'a, ashe akwai rai." Ta ci gaba da tsintar wakenta. Tun ranar nake ramawa, kuma na lura abincina ya fi shiga cikinta.

Da suka ga ba ta komawa, shekara ta gaba suka aiko cewa murahunta suna tare hanya, ta matsar da su taku goma. Ta ce to. Ta kira mai aiken ya tsaya shaida, ta ƙirga taku goma da ƙafarta, da ƙarfi, ta nufi ƙofar haikali. A nan muka sake ginawa, har yanzu cikin fegin Dagadu, hayaƙinmu na shiga farfajiya. Ba su sake aiko kowa ba. Gidaje suka koma kawo garinsu wajenta kai tsaye. Digambar yana dafa wa tsofaffin haikali da baƙin kwamiti, mutum goma zuwa ashirin, abincinsa kuma yana da daɗi. In ya gama yakan zagayo ya zauna yana murza mana gari, tana yi masa faɗa, yana cewa, "To, Akka."

Shekara takwas ke nan. Gwiwoyinta sun fara ƙin ta, bara a kan gadon igiya muka ɗauke ta zuwa gindin tsamiya, ta zauna da sanda tana nuna wanda ya yi laifi. Bana an yi sabon shugaban kwamiti, matashi mai shagon taki. Ya zo har gida ya durƙusa, ya ce suna so su gina mata rumfar kwano don ruwa, ba sharaɗi ko ɗaya. Ta ce a ɗaga ta sama sosai don hayaƙi, kuma kada a taɓa reshen tsamiya. Ya ce an ji. Da zai tashi ya ce za a kafa ɗan allo a gaba, da sunayen waɗanda suka gina.

"Allon katako ne?" in ji ta.

"Na katako ne, Akka, mai kyau."

"Madalla. Ka tabbata busasshe ne, da shi zan hura wutar ranar farko."

An gama rumfar makon jiya. Ba a kawo allo ba.